Ba mu da teku, amma ina za ka kai baƙonka in ya sauka Dutsin-Ma?

  

Yau da tambaya zan fara, kuma ina so kowa ya amsa ta a zuciyarsa kafin mu ci gaba. A ce abokinka da kuka yi bautar ƙasa tare, ɗan Ibadan ko ɗan Inugu, ya kira ka ya ce zai zo maka kwana uku a Dutsin-Ma ko Kurfi. Ka ba shi masauki, ka ba shi tuwo, to daga nan fa? Ina za ka kai shi?

Yawancinmu amsar ita ce majalisa. A zaunar da shi a benci, a sayo mashi lemo da tsire, a yi hirar ƙwallo da siyasa har dare. Washegari a maimaita. Rana ta uku a raka shi tasha. In ya koma gida aka tambaye shi me ya gani a Katsina, ba shi da abin faɗa sai dai ya ce mutanen kirki ne, kuma akwai zafi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, duk ƙarshen shekara TikTok da Instagram sukan cika da bidiyon bakin teku na Legas. Ga jiragen ruwa, ga dawaki a kan yashi, ga jama'a ana ta nishaɗi. Sai ka ga yaranmu suna rubutu a ƙasa: "Mu dai Allah bai ba mu komai ba sai ƙura da 'yan bindiga." Wannan magana tana yi mani ciwo, domin rabinta gaskiya ce, rabinta kuma rashin sani ne. Yau za mu rarrabe su.

Mu fara da Legas ɗin kanta. Me take sayar wa baƙo?

Akwai wani gandun daji a Lekki da aka kafa a 1990, faɗinsa hekta 78. An yi wata gada ta igiya da ƙarfe a saman bishiyoyi, tsawonta mita 401. Mutum ya biya kuɗi, ya hau, ya ga birai, ya ɗauki hoto, ya sauko. Akwai Badagiri, inda ake nuna maka gidan bene da aka gina a 1845, wanda ake cewa shi ne na farko a Najeriya, da hanyar da aka riƙa bi da bayi zuwa bakin teku ana loda su a jirgi. Akwai Tarkwa Bay, bakin ruwan da sai an shiga kwalekwale ake isa.

To ku lura da kyau. Gandun Lekki bishiyoyi ne da birai. Badagiri tsohon gini ne da labari. Ko bakin tekun ma yashi ne da ruwa. Abin da ya mayar da su kuɗi shi ne tsari: akwai mai sayar da tikiti, akwai mai zagayawa da kai yana yi maka bayani, akwai ban-ɗaki, akwai wurin zama, akwai mai sayar da abinci, kuma kana da kwanciyar hankalin cewa za ka koma gida lafiya. Teku kyautar Allah ce, amma waɗannan duk aikin ɗan Adam ne.

In kana shakka, dubi Argungu a Jihar Kebbi. Babu teku a Argungu. Kogi ne, Matan Fada. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a wurin, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. A ƙarshen 2024 hawan Sallar Kano shi ma ya shiga wannan jeri. Kogi da ƙwarya da homa, doki da rawani, su ne suka kai sunan Arewa can. Saboda haka maganar "ba mu da teku" ba hujja ba ce.

Wani zai ce, to wane baƙo ne zai zo Dutsin-Ma yawon buɗe ido? Ɗan uwa, baƙin sun riga sun zo, suna cikin garinka. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, dubban ɗalibai daga sassan ƙasar nan ke zaune tare da mu, shekara huɗu, wasu biyar. Ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Ga masu bautar ƙasa da ake turowa duk shekara. Ga iyayen da ke zuwa bikin rantsar da sababbin ɗalibai da bikin yaye su. Ga malamai masu zuwa taro. Ga 'yan kasuwar dabbobi da hatsi. Mu daina hangen Bature mai kyamara. Baƙonmu na farko shi ne ɗalibin da ya shekara uku a garin nan bai san komai ba sai hanyar makaranta da ɗakinsa da wurin mai indomi.

Bari in zana maku kwana ukun nan yadda ni zan tsara su.

Rana ta farko, gida. Da sassafe, kafin rana ta yi zafi, sai dutsen da garin ya samo sunansa. Abin da dattawa ke faɗa shi ne, wani maharbi ne mai suna Ma ya zauna a kan dutsen, mutane suka riƙa cewa za su dutsin Ma, har sunan ya bi garin. Labari ne na baka, amma irin wannan labarin shi baƙo ke so ya ji yana tsaye a wurin, yana kallon gari a ƙarƙashinsa. Mu da muka tashi muna ganin dutsen kullum mun daina ganinsa. Wanda ya fito daga inda ƙasa take shimfiɗe da fadama da kurmi, shi abin kallo ne a wurinsa.

Daga nan a bi da shi ta ƙofar fadar Yandakan Katsina, hakimin Dutsin-Ma, a yi mashi bayanin yadda sarauta take a ƙasar Katsina: sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa. In an dace ranar kasuwa ce, a shiga da shi kara ya ga yadda ake cinikin shanu, yadda dillali ke shiga tsakani, yadda ake cewa "albarka" da "sallama". A zaunar da shi wurin mai fura, a dama mashi da nono na gaske. Ku yarda da ni, wannan zai fi zama a ransa fiye da duk wani lemon kwalba da za ku saya mashi.

Da la'asar kuma sai Zobe. A nan nake so mu ɗan tsaya, domin ita ce tekunmu.

Madatsar ruwa ta Zobe tana kudu da gari, a kan kogin Karaduwa. An kammala ta a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Bangon da ya tare ruwan tsawonsa ya kai mita 2,750, wato kusan kilomita uku, tsayinsa kuma mita 19. Ruwan da aka tsara za ta riƙe ya kusa kubik mita miliyan 180. Hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ke kula da ita. An gina ta ne don ruwan sha da noman rani, amma shekaru da yawa ruwan na kwance ba a ci moriyarsa yadda aka tsara ba. Sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya ƙaddamar da aikin ruwan sha da aka jima ana jira. Ku lissafa da kanku: daga 1983 zuwa 2021, shekara 38. Jaririn da aka haifa ranar da aka gama madatsar ya yi aure, ya haihu, har ya fara furfura.

Me baƙo zai gani a Zobe? Zai ga ruwa iya ganinsa, abin da mutum ba ya tsammani a wannan yanki. Zai ga masunta da kwalekwalensu da tarunsu, su fito da tarwaɗa da karfasa, a gasa mashi nan take. Zai ga lambunan rani, tumatir da albasa da tattasai, kore shar a tsakiyar rani. Zai ga tsuntsayen ruwa, belbela da zalɓe da agwagin daji, kuma lokacin hunturu irin waɗannan ruwaye na yankinmu sukan karɓi tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai suna gudun sanyi. Akwai mutane a duniya da ke biyan kuɗin jirgi don kallon tsuntsu kawai. Mu kuwa in yaro ya ga tsuntsu, abin da ke zuwa ransa danƙo. Sannan zai ga faɗuwar rana a kan ruwa, wadda ba ta da bambanci da wadda ake ɗauka a Legas ana sa mata kiɗa.

Rana ta biyu, hanyar Katsina, tafiyar kilomita sittin da 'yan kai. A tsaya a Kurfi. 'Yan Kurfi, ku ma kuna da abin faɗa. Garin Maraɗin Katsina ne, kuma daga nan Alhaji Amadu Kurfi ya fito, wanda ya riƙe sakataren hukumar zaɓe ta ƙasa a zaɓen 1979 da ya kawo jamhuriya ta biyu. Ɗalibin kimiyyar siyasa da ke karanta tarihin wannan zaɓe a aji, ya kamata ya san ta garin mutumin yake wucewa duk lokacin da zai je Katsina.

A cikin birni kuwa abin nunawa ya yi yawa. Hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsayin kusan mita 15, wadda yawancin ruwayoyi ke kai tarihinta sama da shekara 500, zamanin da Katsina ta yi suna da malamai. Tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello Sardauna suka yi karatu. Ita ce aka mayar Kaduna, daga baya Zariya, ta zama Kwalejin Barewa, tsohon gininta kuma yanzu gidan tarihi ne. Ga hubbaren Wali Ɗan Marina da na Wali Ɗan Masani. Ga ƙofofin gari: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga. Ga kuma Ƙofar Yandaka, wadda ta nan ake cewa Lugga ya shiga Katsina a 1903. Kai ɗan Dutsin-Ma, ka ga ƙofa ce mai ɗauke da sunan sarautar hakiminka. Ka taɓa tsayawa ka nuna wa wani ita?

Rana ta uku, ɓangaren Daura. A ƙaramar hukumar Mani akwai Durɓi ta Kusheyi, inda kaburburan tsofaffin sarakunan ƙasar Katsina suke. An yi tono a wurin a 1907, aka sake yi a 1992, aka samo kayan ado da na ƙarfe da suka nuna cewa mutanen wurin suna hulɗar kasuwanci da ƙasashe masu nisa tun ɗaruruwan shekaru. Har Jamus aka kai kayan aka gyara su. Daga nan sai Daura, rijiyar Kusugu, inda labarin Bayajidda da macijiya da Sarauniya Daurama ya samo tushe. Duk ɗan Najeriyar da ya yi firamare ya ji wannan labari. Kaɗan ne suka leƙa rijiyar da idonsu. Gani kuwa ya kori ji.

To jama'a, yanzu mu zo ga rabin da na ce gaskiya ne. Na san tun ɗazu wasu ke cewa a ransu, wannan mutumin a wace Dutsin-Ma yake zaune? Na sani. Ba zan yi maku kwaskwarima ba.

Muna maƙwabtaka da Safana da Ɗanmusa da Batsari, ƙasar da ta jingina da dajin Rugu. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, duniya duka ta ji. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Dutsin-Ma da Kurfi. A Oktoban 2023 aka sace ɗalibai mata biyar na jami'armu a gidan da suke haya. A wannan watan ne kuma Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta al'umma. Akwai ƙauyukan da aka tasa, akwai gonakin da aka daina nomawa, akwai gidajen da har yau ke cikin makoki. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu.

Saboda haka ka'ida ta farko, kuma ba ta da sassauci: ba a kai baƙo inda kai kanka sai ka yi addu'a sau uku kafin ka je. Ba a fita bayan gari sai an tambayi mai unguwa ko dagacin wurin, an tambayi jami'an tsaro, an tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum, domin su ne suka fi kowa sanin halin da hanya ta kwana. In suka ce yau ba ranar zuwa ba ce, an gama magana, a zauna cikin gari. Ba a tafiyar dare, ba a tafiyar asuba. Kuma don Allah a daina sanar da duniya a Facebook cewa gobe ƙarfe huɗu mu talatin za mu kasance a wuri kaza. Ka je, ka dawo, sannan ka ɗora hotonka. Ran mutum ɗaya ya fi duk wani bidiyo.

Amma ga inda nake saɓa wa masu cewa a bar maganar gaba ɗaya har sai tsaro ya dawo. Na ɗaya, wuraren da na lissafa da yawansu a tsakiyar gari suke. Dutsen nan a cikin gari yake. Gobarau a cikin birni take. Kusugu a tsakiyar Daura take. Ba abin da ya hana a fara da su yau. Na biyu, matsalar tsaron nan tana da uwa, kuma ɗaya daga cikin uwayenta zaman banza ne. Yaron da ke samun na kansa ta hanyar tuƙa kwalekwale ko gasa kifi ko zagayawa da baƙi, ya fi wuyar saya da dubu biyar ya zama mai kai rahoto. Ban ce yawon buɗe ido zai kori ɗan bindiga ba, ƙarya ne in na faɗi haka. Na ce yana cikin ƙananan ƙofofin da za a iya buɗe wa matashi. Na uku, in muka yi shiru, labari ɗaya ne kawai zai riƙa fita daga garinmu. Ku gwada rubuta sunan Dutsin-Ma a intanet ku ga abin da ke fara fitowa. Ɗalibin da ya gama ya koma Legas ko Fatakwal, shi ne jakadanmu na shekara arba'in masu zuwa. Abin da ya gani shi zai faɗa.

Yanzu maganar ruwa, domin ruwa ba a yi mashi gangancin ƙuruciya. Kun tuna abin da ya faru a Ɓagwai ta Jihar Kano a ƙarshen Nuwamban 2021, kwalekwale ya kife a madatsar Watari, aka rasa rayuka masu yawa, galibi yara 'yan Islamiyya. Abin da ke jawo irin wannan kusan kullum iri ɗaya ne: lodi fiye da ƙima, tsohon jirgi, ba rigar ruwa, ga tafiyar yamma. To duk wanda zai shiga kwalekwale a Zobe ko Ajiwa ko Jibiya ko Mairuwa, ya tambayi mai jirgin mutum nawa yake ɗauka, kar a ƙara ko ɗaya. Ba a miƙewa tsaye don ɗaukar hoto. In hadari ya haɗo ko iska ta taso, a fito. In babu rigar ruwa, a tsaya a gaɓa a yi kallo, ba abin kunya ba ne.

Wanka kuma, shawarata a bar shi. Ban da haɗarin nutsewa, akwai tsargiya. Da yawanmu mun tashi muna ganin yara na fitsarin jini ana cewa alamar girma ce. Ba girma ba ne, cuta ce. Wata tsutsa ce da ido ba ya gani, tana rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ke kwance, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai wanki ta shiga jini. In aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara, har ta taɓa ƙoda. Tana da magani a asibiti, kuma ba mai wahala ba ne. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je a duba shi. Baƙonka kuwa, kar ka tura shi ruwa ya koma gida da tsaraba irin wannan.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin yawo, an gama kaka, abinci ya wadata, rana ba ta da zafi, sai dai a tanadi rigar sanyi da man shafawa saboda hunturu. Maris zuwa Mayu, bazara, zafi kan haura digiri 40, hawan dutse da tsakar rana neman suma ne. Da damina ƙasa ta fi kyau, ko'ina kore, amma dutse na santsi, hanyoyin ƙauye na cin mota, shuka kuma ta yi tsayi ta zama maɓoya. In kuma baƙon na son ganin dawaki, a gayyato shi da Sallah, ya ga hawa a Katsina ko Daura. Ga dambe da kokawa bayan girbi.

Sai ladabi. Ba a ɗaukar hoton matan aure ko 'yan matan ƙauye ba da izini ba. Ba a mayar da talaucin mutane abin nishaɗi a TikTok. A gai da dattawan wuri kafin a fara komai. A hubbare da masallaci a shiga da sutura da natsuwa. In an ci an sha, a kwashe leda da robar ruwa a tafi da su. Kuma masu rubuta sunansu da na budurwarsu da fenti a jikin dutse, Allah ya shirye ku, ku bari.

Akwai wata damuwa da na san iyayenmu da malamanmu za su kawo, kuma suna da gaskiyarsu. Za su ce wannan buɗe ido da kuke faɗa, buɗe ƙofar lalata ce, za a mayar da bakin ruwa wurin shaye-shaye da cakuɗuwar banza. Amsata ita ce, wurin da ba shi da mai kula shi ne ke zama haka. Inda ba fitila, ba mai gadi, ba iyali masu zuwa, nan ɓata-gari ke taruwa. Inda aka yi wa tsari, aka sa lokacin buɗewa da rufewa, aka yi wurin salla, magidanci ya zo da matarsa da 'ya'yansa, makarantu suka kawo ɗalibai, ɗan ƙwaya da kansa zai canza wuri. Ba sai mun kwaikwayi bakin tekun Legas da duk abin da ke cikinsa ba. Tsarin za mu ɗauka, tarbiyyar kuma tamu ce.

Bari mu yi ɗan lissafi, misali ne kawai nake bayarwa. A ce ɗalibai ashirin sun haɗa kuɗi ranar Asabar don zuwa Katsina su ga Gobarau da gidan tarihi. Direban bas ya samu. Mai man fetur ya samu. Mai abincin da aka yi wa odar ɗanwake ko shinkafa da wake ta samu. Mai ɗaukar hoto ya samu. Matashin da ya tsara tafiyar, ya karanta tarihin, ya tsaya yana bayani da Hausa da Turanci, shi ma ya samu. Mai kilishi da mai hula da mai turare sun yi ciniki, domin ba mai komawa hannu rabbana. Gida takwas ke nan daga bas ɗaya. A yi haka sau biyu a wata. Ba arziki ba ne na dare ɗaya, amma wanda ya gama digiri a tarihi ko labarin ƙasa yana zaune shekara uku yana jiran takardar ɗaukar aiki, wannan ya fi zaman jira.

To me za a yi? Zan raba aikin.

Mu matasa, namu ya fi sauƙi kuma ba ya buƙatar izinin kowa. Ka ɗauki wayarka ka je wurin tsoho ko tsohuwar da ta fi kowa shekaru a unguwarku. Ka gaishe su, ka ce, Baba, ko Inna, ina so ki ba ni labarin yadda garin nan yake kuna yara. Ka naɗi muryar. Wa ya kafa unguwar, ina tsohuwar kasuwa take, yaya aka yi lokacin da ake gina madatsa, waɗanne ƙauyuka ruwa ya tasa. Waɗanda suka ga aikin Zobe da idonsu suna nan da ransu, amma ba za su dawwama ba. Wannan labarin shi ne jarin mai zagayawa da baƙi. In babu labari, dutse dutse ne kawai.

Ƙungiyoyin ɗalibai, musamman 'yan asalin yankin nan, ku ɗauki nauyin fita ɗaya a kowane zango ga sababbin ɗalibai, cikin gari, da rana, da sanin hukumar makaranta da jami'an tsaro.

Ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi, ba mu roƙi otal mai hawa goma ba. Allo mai ɗauke da tarihin wuri da Hausa da Turanci, ban-ɗaki mai tsafta, benci a inuwa, kwandon shara, rigunan ruwa ga masu kwalekwale. Waɗannan ba su kai kuɗin taron siyasa ɗaya ba.

Gwamnatin jiha kuma, tun da aka ƙirƙiri jihar nan a 1987 muke kiranta Ɗakin Kara, gidan karɓar baƙi. Baƙo ba ya zuwa inda ba ya iya barci. A tsare hanya, a tsare ƙauye, a kula da ginin ƙasa irin Gobarau da ragowar ganuwa kafin damina ta gama da su, domin ginin ƙasa in ba a yaɓe shi ba, narkewa yake.

Ga aikin gida na wannan mako. Kowa ya rubuto mana a ƙasa wuri ɗaya a garinsu ko ƙauyensu da zai kai baƙo, da dalili a layi biyu. Ba sai sananne ba: tsohuwar kuka, rijiya, marina, maƙera, dutse, fadama. 'Yan Kurfi, 'yan Safana, 'yan Charanchi, 'yan Kankiya, 'yan Matazu, ina jiran ku. In wurin ba ya zuwuwa yanzu saboda tsaro, ku rubuta shi duk da haka, ku ce ba ya zuwuwa, domin a san abin da aka raba mu da shi. Abin da kuka turo za mu tattara mu karanta a shiri na gaba.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gonarsa da gidansa.